Bayan An Watse Daga Biki: Tsohon Aure a Finafinan Soyayya na Ƙasar Hausa

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san inda akasarinsu suke sauke kaya. Saurayi ya ga budurwa, iyaye sun ƙi, an yi kuka, an yi waƙa a cikin lambu, an sha wuya a kashi na ɗaya da na biyu. Daga bisani sai a nuno taron maza a ƙofar gida, an shafa fatiha, an raba goro, sai rubutun godiya ga Allah ya hau allo. Wato labari yana ƙarewa ne daidai wurin da zama yake farawa. Shekara talatin ko arba'in da za su biyo baya, da haihuwa da rashi, da damina mai albarka da wadda ta yi gardama, da yaji da biko, har zuwa ranar da furfura za ta kama miji da mata a ɗaki ɗaya, duk an bar wa mai kallo ya ƙarasa da kansa.

Wannan giɓi yana da nauyi a wurinmu. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya da aka gudanar a Nijar a 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Yarinyar Gabi ko ta Safo ko ta Sarkin Yamma da aka kai ɗaki tana da shekara 15, in Allah ya ja kwananta zuwa 60, ta yi shekara 45 ke nan cikin sha'anin aure, ko a gida ɗaya ko a gidaje. Zancen da aka yi da ita kafin biki bai fi na ƴan watanni ba. Amma fim ya ɗauki waɗannan ƴan watanni ya ba su awa uku, ya hana shekara 45 ko da minti biyar. Ɗaliban da muke koyarwa a koleji da lise daga nan suke ɗebo rabin abin da suka sani game da so. Saboda haka ya dace mu malamai mu san yadda aka yi labarin ya ɗauki wannan siffa, domin ba haka ya faro ba.

Abin da aka gada

Adabin Hausa na kafin zuwan bidiyo bai ji tsoron shiga tsakar gida ba. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi aure huɗu. Na farinta biyayya ce ga iyaye, na biyu kuwa da wanda ranta yake so aka ɗaura shi, kuma shi ma bai kai ta ƙarshen rayuwa ba. A bakin Baba, aure hanya ce mai zango-zango: a shiga, a zauna, a saɓa, a fita, a sake. Haka nan Barbara Cooper, a littafinta kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989 wanda ya fito a 1997, ta nuna yadda zaman miji da mata ya riƙa sauya kama tare da zamani. Hana bauta ya mayar da aikin da bayi mata suke yi a kan matan aure. Kulle ya yaɗu tare da arzikin alhazan birni. Kayan ɗaki suka zama dukiyar da mace take tsayawa a kanta. Wanda ya karanta waɗannan littattafai biyu zai ga cewa tsohon aure a ƙasar Hausa yana cike da labari, har ya fi ƙarfin marubuci guda.

Masu wasan kwaikwayo na farko sun san haka. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda aka buga a 1960, labarin magidanci ne da ya riga ya kafa gida, ya rushe shi da hannunsa saboda karuwa. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya bi Hayatu da Halima cikin ɗakinsu har auren ya lalace. Ɗan Maraya Jos ma, a waƙarsa ta Jawabin Aure, da kuntiginsa kaɗai ya kwaikwayi muryar miji da ta mata suna cacar baki. Sai dai a lura da abu guda: a duk waɗannan, tsohon aure abin gargaɗi ne ko abin dariya. Ana nuna shi don a ce wa mutane kada su yi haka. Kalmar so ba ta cika shiga wurin ba. Wannan rabo, soyayya ga samari, wa'azi ga ma'aurata, shi ne gadon da fim ya tarar.

Abin da aka ɗauko daga Indiya, da abin da aka bari

Tun daga shekarun 1950 ƴan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Arewacin Nijeriya, kuma ba a daɗe ba suka mamaye allo daga Kano har biranen Nijar. Ana yawan cewa daga can muka koyi rufe labari da biki. Maganar tana da gaskiya, amma rabinta ce. Fim ɗin Indiya da ya fi kowane daɗewa a zukatan iyayenmu, Mother India na Mehboob Khan (1957), da biki yake buɗe labarinsa. An kai Radha ɗaki da bashin da aka ci don hidimar auren. Mijinta ya rasa hannuwansa biyu a gona, kunyar zama nauyi a kanta ta sa ya bar gida cikin dare. Ita kuma ta tsufa tana noma, tana renon ƴaƴa, tana tsare mutuncin auren da mai shi ba ya nan. Manomin Gulbin Maraɗi bai buƙaci tafinta ba kafin ya gane mai ba da bashi da ruwa da ke cikin wannan fim. Abhimaan (1973) ya nuna yadda hassada take shiga tsakanin miji da mata idan muryar matar ta fi tasa karɓuwa. Silsila (1981) ya nuna magidanci da tsohuwar soyayya ta dawo masa bayan ya yi aure. Baghban (2003) kuwa ya ɗauki Amitabh Bachchan da Hema Malini a matsayin tsofaffin da suka shekara arba'in tare, ƴaƴansu huɗu suka raba su, ɗaya a wannan gida ɗaya a wancan, suna satar magana ta tarho kamar saurayi da budurwa.

Ashe Indiya ta kawo kaya iri biyu, mu ne muka zaɓa. Abin da samarin Kano suka ɗauka shi ne zubin Maine Pyar Kiya (1989) da Dilwale Dulhania Le Jayenge (1995) da Kuch Kuch Hota Hai (1998). Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana dalili a maƙalarsa ta 1997: finafinan Indiya sun nuna wa Bahaushe zamani wanda ba na Turawa ba, inda matashi yake fama tsakanin abin da zuciyarsa take so da abin da iyaye suka hukunta. Wannan shi ne ciwon auren dole, kuma ciwo ne na masu shekara ashirin. Su ne suka rubuta littattafan soyayya na ƙarshen shekarun 1980, su ne suka kafa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, su ne kuma suka ɗauki kyamara. Mutum yana ba da labarin inda ƙaya ta soke shi ne. Ba za a zargi saurayin da aka hana budurwa don bai rubuta labarin tsoho da tsohuwa ba.

Kafin a kai ga Kano, ya kamata a tsaya a gida, domin sinimar Nijar ta kama igiyar ta ɗaya bakin. Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar Yennenga ta farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, ya fara ne da mutumin da yake da mata biyu, ya dawo daga Makka, ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani alkawari. Matarsa ta biyu ta ƙudura hana auren, ta kai hari daren biki, ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Zalika Souley ce ta fito a wannan matsayi, kuma ta ɗanɗana kuɗarta a wurin jama'ar da suka kasa raba ɗan wasa da halin da ya ara, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a fim ɗin da ta yi kan rayuwarta a 2004. A 1972 ɗin dai Moustapha Alassane ya fitar da F.V.V.A., wato mace, gida, mota, kuɗi: ƙaramin ma'aikaci da iyaye suka yi wa aure, ya shiga rayuwar ƙarya, ya taɓa kuɗin hukuma, ya faɗa kurkuku, kowa ya watse sai uwargidan da bai zaɓa ba. A nan an ga aure yana tafiya cikin shekaru, an ga wanda aka raina ya zama madogara. Amma uwargidan Alassane alama ce ta haƙuri fiye da yadda take mutum mai nata ciki; muna ganin ta jira, ba mu jin abin da take faɗa wa kanta. Kuma waɗannan finafinai, da Zabarmanci da Faransanci, sun fi zagaya bukukuwan ƙasashen waje da cibiyoyin al'adu na birane. Ba su taɓa isa dandalin ƙauye yadda kaset ɗin Kano ya isa ba.

Zamanin kaset

Ana ƙirga farkon masana'antar Kano daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, labarin Sumayya ƴar masu kuɗi da Muhammad talaka, ya tashi daga littafi ya koma fim a 1994. A 1999 aka fara buga mujallar Fim, a shekarar ne kuma Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, sannan Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika kasuwanni da tashoshin mota. Daga kasuwar Ƙofar Wambai kaset yake tasowa, ya biyo Katsina da Jibiya, ya ƙetaro ta Ɗan Isa, ya kwana Maraɗi; kafin mako ya zagayo yana gidan kallo na zana a garuruwan Madarunfa, injin wuta yana ruri a baya, yara suna leƙe ta kafar zana. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta taɓa tare waƙa ba. Har ma mun ba su murya: Fati Nijar, ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi yawan rera waƙoƙin finafinan, ƴar Maraɗi ce.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe da nuna cewa duwatsun murhun wannan fim uku ne: auren dole, soyayyar mutum uku, da rawa da waƙa. A dutse na biyu ne tsohon aure ya sami ƙofar shiga, kuma a nan Hausa ta rabu da Indiya. Idan mata biyu suka so namiji ɗaya a fim ɗin Indiya, dole ɗaya ta mutu ko ta sadaukar. A fim ɗin Hausa akwai mafita ta uku, ya haɗa su duka. Saboda haka uwargida ta shigo fim a matsayin kusurwa guda ta rikici. Ana buƙatar ta ne ranar da za a yi mata kishiya. Shekarun da ta yi a gidan ba a nuna su, faɗar su ake yi, galibi a bakin uwar miji da ta zo ƙorafin shekara goma ba haihuwa. In kuwa labari ya tilasta a tsallaka lokaci, sai a rubuta a allo cewa bayan shekara biyar, a shafa wa jarumi farar hoda a gemu, a sa masa babbar riga da tabarau, a ajiye yaro a gefensa. Tufafi sun sauya, maganar da ke tsakanin miji da mata tana nan yadda aka bar ta.

Ki Yarda Da Ni, wanda aka ɗauko daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa a ƙarshen shekarun 1990, ya yi ƙoƙarin tsayawa a cikin gidan, ya nuna zaman uwargida da amarya da yadda kowace take neman wuri. Amma dubi abin da jama'a suka riƙe: sunan kishiya mai fitina, Biba, shi ya bi Hauwa Ali Dodo har rasuwarta a 2010. Wasila (2000) ya shiga bayan biki shi ma, ya taɓo abin da ba a saba ba, wato matar aure da ta ci amana. Sai dai auren nan ɗanye ne, bai kai ga tsufa ba. Takardar saki ta zama makamin da marubuci yake zarowa duk lokacin da labari ya yi sanyi. Alhali a rayuwa saki yana da matakai da kowa ya sani, daga gaba a ɗaki, zuwa yaji, zuwa zaryar waliyyai, zuwa biko, zuwa idda da kome, kuma kowane mataki fim ne sukutum. An fi son a nuna hannu yana rubuta layi uku a takarda, mace ta dafe kai, kiɗan tausayi ya tashi.

Akwai kuma dalilin da ya shafi su kansu ƴan wasan. Al'adar masana'antar ita ce mace in ta yi aure ta bar fim. In ta dawo bayan shekaru, sai a ba ta matsayin uwa. Ta haka aka wayi gari babu jaruma mai shekara 35 ko 40 wadda labari yake kanta. Ko dai budurwa, ko uwar budurwa, ko muguwar suruka irin wadda marigayiya Saratu Giɗaɗo ta ƙware a kai. Namiji kuwa yana iya shekara ashirin yana fitowa saurayi. Ali Nuhu, wanda ya yi yarima a Sangaya, ya daɗe yana zuwa zance a allo bayan abokan wasansa mata na farko sun zama iyaye. A 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Ta yaya za a nuna miji da mata sun tsufa tare, alhali ɗaya ne kawai aka yarda ya tsufa?

Rabi da Ramatoulaye

Aikin da ya fi kowane kusantar abin da muke nema daga hannun mace ya fito. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta buga Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Abdulkareem Mohammed ya mayar da shi fim a 1998. Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu ƴaƴa tara. Yana da rumfa a kasuwa, yana da abin hannunsa, amma kuɗin cefanen da yake ajiye mata ba ya kai ko'ina, sauran yana tafiya waje. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, ya kori Rabi da ƴaƴanta. A nan ne labarin ya bar hanyar Jatau Na Kyallu, ko da yake ƙashin bayansu ɗaya. Maƙarfi ya bi mijin zuwa faɗuwarsa. Balaraba ta bi matar. Mun ga Rabi ta kama sana'ar abinci, ta riƙe karatun yara, ta aurar da ƴarta Saudatu gidan mutunci, ta gano cewa tana iya tsayuwa. Da gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai manya suka taru a kan Rabi ta koma.

Ta koma. Masu karatu da yawa, musamman ɗalibai mata, ba sa jin daɗin wannan ƙarshe, kuma ina ganin marubuciyar ba ta so a ji daɗinsa ba. Gidan da Rabi ta koma ba shi ne wanda ta bari ba, domin yanzu ita take ciyarwa. Miji ɗaya, mata ɗaya, ɗaki ɗaya, amma ƙarfi ya sauya hannu, kuma abin da ya rage tsakaninsu ba shi da suna mai daɗi. Ga sauyin da shekaru suke yi wa aure, an nuna shi ta hanyar tukunya da kuɗin cefane, ba tare da hoda a gemu ba.

Malamin Faransanci ba zai karanta wannan bai tuna da Une si longue lettre na Mariama Bâ ba, wanda ya fito a 1979 kuma muke koyar da shi shekara da shekaru. Ramatoulaye ta haifi ƴaƴa 12, mijinta Modou ya auri ƙawar ƴarsu bayan shekara 25 da aure, ya ƙaurace mata. Ita malamar makaranta ce, tana da albashi da alƙalami, ta zauna cikin takaba tana rubuta wa ƙawarta abin da ke ranta, ta kuma ƙi masu neman ta bayan rasuwarsa. Rabi ba ta da alƙalami, tana da murhu. Ramatoulaye ta ce har yanzu akwai sauran so a zuciyarta, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Rabi ba a ma tambaye ta ba. Idan aka ajiye littattafan nan biyu a gaban ɗalibai, muhawarar da take tashi ta fi ta kowane darasi zafi, kuma samari ne suka fi ɗaga murya. Angèle Diabang ta Senegal ta mayar da littafin Bâ fim a 2025. Shi kuwa na Balaraba, da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, a birnin Chennai na Indiya aka buga shi a 2012. Ruwan da ya daɗe yana gangarowa daga can ya ɗan koma da kaya.

Takunkumi, kasuwa da kunya

Ana yawan ɗora laifin a kan masu tace finafinai. Gaskiya ne bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma daga 2007 zuwa 2011, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, an matsa wa masana'antar har wasu suka koma Kaduna. Iskar ta kaɗa a nan ma. Waɗanda suka ga tarzomar Maraɗi ta watan Nuwamba 2000, lokacin bikin nuna tufafi na FIMA, ba su manta ba. Namiji da mace ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa ko da sun fito a miji da mata, turaka kuma rufe take. Samari sun sami abin da ya maye musu gurbin taɓawa, wato waƙa. Waƙar ce kuma take sayar da fim: ita ake sawa a talla, ita dillalan Ƙofar Wambai suke tambaya kafin su zuba kuɗi. Alhaji mai furfura da uwargidansa ba za su yi tsalle a lambu ba. Fim ɗin da yake kansu ya rasa waƙa, wanda ya rasa waƙa ya rasa dillali.

Duk da haka ban yarda takunkumi ya isa hujja ba, domin ƙaunar tsofaffin ma'aurata a ƙasar Hausa da ma ba ta bi ta taɓawa a gaban mutane ba. Tana da nata harshe, kuma kunya ce nahawunsa. Matar da ta shekara talatin ba ta kama sunan mijinta ba, sai Malam, sai Maigida, sai Baban wane, tana iya zuba fushi ko lallashi ko izgili a cikin wannan Malam ɗin guda, kuma shi ya san wanne ne. Akwai ruwan alwala da ake ajiyewa ba a tambaya ba. Akwai furar da ake damawa daidai kaurin da mutum yake so. Akwai tsohon da ya dawo daga kasuwar mako ya ajiye ƙullin goro a bakin gado bai ce komai ba, da tsohuwar da take yi masa faɗa a kan ya fita ba hula cikin sanyin hunturu. Akwai shawarar da ake yi ƙasa-ƙasa bayan isha kan wace akuya za a sayar don kuɗin makarantar auta, da shirun da ake yi tare bayan an binne ɗa. Hausa ta bambanta so da ƙauna, ta bambanta su da shaƙuwa da sabo. Har ta ce sabo turken wawa, don ta san yana ɗaure mutum inda hankali zai ce ya tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da hukumar tacewa za ta yanke. Abin da suke buƙata shi ne kyamara mai haƙuri da marubucin da ya zauna ya saurari iyayensa. Michael Haneke ya ci babbar kyautar Cannes a 2012 da Amour, tsoho yana jinyar tsohuwa a ɗaki, kusan ba a fita waje. Ƙarshensa ba abin da al'adarmu ko addininmu za su karɓa ba ne, amma ya nuna cokali da kofin ruwa suna iya ɗaukar fim. Kusa da mu, Aïcha Macky ƴar Damagaram ta yi L'Arbre sans fruit a 2016, kan matan da aure ya yi musu tsawo ba haihuwa, ita ma tana cikinsu. Ta bar mata suna magana, ta bar su suna yin shiru.

Da kasuwar faifai ta mutu a tsakiyar shekarun 2010, sai dogon zango ya karɓi fage, ya zo da abin da kaset bai taɓa samu ba, wato lokaci. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta fara Daɗin Kowa a 2015. Gidan Badamasi ya zo a 2019, Labarina na Aminu Saira da Izzar So a 2020. Yanzu a waya ake kallo, a tura wa mutum zango guda a kati a bakin kasuwa. Wasu sun yi amfani da lokacin wajen ja wa neman aure tsawo kawai: zangunan farko na Labarina sun tafi ne a kan wa zai auri Sumayya. Gidan Badamasi ya juya tsohon mai auri-saki ya zama abin dariya, ƴaƴan mata daban-daban suna jiran gado. Amma a Daɗin Kowa an sami Kamaye da Adama, talakawa masu faɗa kullum a kan cefane da bashi, waɗanda masu kallo suka bi shekara bayan shekara har suka ga jikinsu ya sauya da gaske, ba da hoda ba. Ba wanda zai kira su taurarin soyayya, kuma har yanzu rigar barkwanci aka sa musu, kamar dai zamanin Ɗan Maraya. Sai dai wanda ya lura zai ga duk tsiyar da suke yi wa juna, in wani na waje ya taɓa ɗaya sai ɗayan ya miƙe. Wanda yake fitowa a Kamaye, Ɗan'azumi Baba, yana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano tare da Gidan Dabino da Balaraba, waɗanda suka yi tashe da littattafai a farkon shekarun 1990. Tsarar da ta fara da labarin samari ta kai shekarun da take iya ba da ɗaya labarin.

Saura batun ajiya, wanda ya shafi ƙungiyoyinmu kai tsaye. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, kuma malamin da yake son ya haɗa wa ɗalibansa Jatau Na Kyallu da littafin Bâ da fim ɗin Alhaki a darasi guda zai sami littattafan biyu da ɗan ƙoƙari. Fim ɗin ne wuya. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙurar ƙasarmu, injinan da suke karanta shi sun ƙare a hannun masu gyara, kuma da yawa daga finafinan shekarun 1990 sai a akwatunan ɗaiɗaikun mutane. Na Ganda, wanda ya rasu a 1981, da na Alassane, wanda ya rasu a 2015, sun fi sauƙin gani a bikin finafinai na Turai da a ɗakin karatu na Maraɗi.